Cikar Faifan Kwamfuta: Dalilanta da Hanyoyin Samar da Fili

Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da suka fi addabar masu aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, akwai cikar babban faifan ajiya da ke cikinta. Alamomin wannan matsala ba ɓoyayyu ba ne. Na'urar da a da take tashi nan da nan sai ta shiga jan ƙafa, a yi rubutu a zo adanawa ta ce babu wuri, sa'an nan layin nan da ke nuna yawan kayan da ke cikin faifan C, wanda aka saba gani shuɗi, ya rikiɗe ya koma ja. Manhajar Windows takan mayar da shi ja ne idan filin da ya rage ya gaza kashi 10 cikin 100.

Abin ya fi tsanani a makarantu. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga manyan makarantu kacokan kan kwamfuta, saboda haka makarantun sakandare da dama suka tanadi ɗakin kwamfuta domin horar da ɗalibai. Sau da yawa na'urorin ba su da yawa, masu hawa kansu kuwa rututu, kuma a cikinsu ne ake ajiye sakamakon jarrabawa da tambayoyin da malamai suka tsara da ayyukan ɗalibai. Ranar da faifai ya cika, abin da yakan faɗo wa mutum a rai shi ne ya shiga goge-goge ba ji ba gani. A nan ne ake yin ɓarnar da ta fi cikar faifan muni, domin faifan da ya cika ana iya rage masa kaya cikin rabin sa'a, amma sakamakon zango guda da aka goge bisa kuskure yana iya tafiya har abada. Manufar wannan darasi ita ce ɗalibi ya san yadda faifai yake riƙe kaya, ta yadda zai iya bambance shara da dukiya kafin ya ɗauki tsintsiya.

Ma'aunin fili

Duk abin da kwamfuta ta adana, rubutu ne ko hoto ko murya, tana adana shi ne da lambobi biyu kacal, 0 da 1. Kowace ɗaya daga cikinsu ana kiranta bit, guda 8 kuma su suke yin bayit guda. Harafin boko na yau da kullum, kamar a ko b, bayit guda yake ci. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ da ɓ, kowanne bayit 2 yake ci a tsarin UTF-8 da aka fi amfani da shi a intanet. Bayit 1,000 su ne kilobayit, kilobayit 1,000 su ne megabayit, haka nan a ci gaba zuwa gigabayit da terabayit.

Akwai wani abu da kan rikita mai saye a nan. Mutum zai sayi faifai an rubuta masa gigabayit 500 a jikin kwali, ya sa a na'ura sai ta nuna masa kimanin 465, ya fara zargin mai shago. Babu wanda ya cuce shi. Masu ƙera faifai da 1,000 suke lissafi, ita kuwa Windows da 1,024 take yi, saboda ƙidayar kwamfuta bisa ninkin biyu aka gina ta. Idan aka raba bayit 500,000,000,000 da 1,024 sau uku a jere, 465 da ɗoriya za a samu. Faifan terabayit guda kuwa 931 yake nunawa.

Abin da ya fi muhimmanci ɗalibi ya riƙe shi ne bambancin nauyin kaya. Shafin littafi mai haruffa 3,000 kilobayit 3 ne kawai, saboda haka tsurar rubutun littafi mai shafi 300 bai kai megabayit guda ba. Hoton da kyamarar wayar salula mai ɗigo miliyan 12 ta ɗauka, idan kowane ɗigo ya ci bayit 3, megabayit 36 ke nan kafin a matse shi, bayan matsewa kuma yakan tsaya a megabayit 3 ko 4. Murya ta minti guda a faifan CD tana cin kimanin megabayit 10, a tsarin MP3 na yau da kullum kuma kimanin megabayit guda. Bidiyon da ke cin megabayit guda a kowace daƙiƙa, wanda ba wani abin mamaki ba ne a wayoyin yanzu, zai cinye gigabayit 3.6 a cikin sa'a guda. Watau fim guda ya fi dubban littattafai nauyi. Wanda ya zauna yana goge wasiƙu da takardun aji ɗaya bayan ɗaya domin ya sami fili, yana ɗibar ruwan kogi ne da cokali.

Su kansu faifan sun daɗe suna girma, amma ba su taɓa daina cika ba. Na farko da aka sayar, wanda kamfanin IBM ya fito da shi a 1956 tare da na'urar RAMAC, yana ɗauke da fayafayi 50 masu faɗin inci 24, nauyinsa kimanin tan guda, abin da yake iya riƙewa kuwa haruffa miliyan 5 ne. A 1980 aka sami mai megabayit 5 wanda ke shiga ƙaramar kwamfuta, a 2007 kuma kamfanin Hitachi ya fito da mai terabayit guda. Sai dai yadda rumbu yake ƙara girma haka kaya suke ƙara nauyi: Windows 95 tana zama a cikin megabayit 50 da 'yan kai, ita kuwa Windows 11 da ta fito a 2021 ba ta yarda ta sauka a faifan da bai kai gigabayit 64 ba.

Yadda faifai yake jera kaya

A cikin faifan gargajiya akwai fayafayi masu sulɓi da aka shafe da sinadarin maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wani ɗan hannu mai kai-komo a samansu yana rubutu yana karatu. An yanyanka fuskar faifan zuwa ƙananan yankuna masu bayit 512, ko 4,096 a sababbin fayafayi. Babbar manhaja, watau irin su Windows, takan haɗa yankunan nan rukuni-rukuni, kuma rukuni shi ne mafi ƙanƙantar filin da take iya bai wa fayil.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan ita ce a ɗauki faifai a matsayin kasuwa mai rumfuna iri ɗaya, da sarkin kasuwa mai riƙe da rajista. A cikin rajistar an rubuta sunan kowane ɗan kasuwa da lambobin rumfunan da kayansa suke. Mai kaya da yawa yakan kama rumfuna da yawa, ba lalle ne kuma su kasance a jere ba. Mai kaya kaɗan kuwa, ko da tiren goro ne, rumfa sukutum zai kama, ba a raba ta da kowa. A tsarin NTFS, wanda Windows take amfani da shi, girman rumfa bisa al'ada bayit 4,096 ne. Alal misali, fayiloli 10,000 masu bayit 1,500 kowanne, jimlarsu megabayit 15 ce, amma za su mamaye kusan megabayit 41. A tsohon tsarin FAT16 na zamanin DOS, inda rumfa a faifan gigabayit 2 take kai bayit 32,768, waɗannan fayiloli za su cinye fiye da megabayit 327. Duk ɗalibin da yake so ya gani da idonsa, ya ɗora linzamin kwamfuta a kan wata folda, ya latsa ɓangaren dama, ya zaɓi Properties. Zai ga lambobi biyu: Size, watau ainihin nauyin kayan, da Size on disk, watau filin da suka tare.

To, me yake faruwa idan aka goge fayil? Mataki biyu ne. Da farko Windows takan kai shi kwandon shara, wanda ake kira Recycle Bin. Kwandon nan a cikin faifan yake, saboda haka ko bayit guda ba a samu ba tukuna. An dai matsar da kayan daga idon mutane ne. Sai an zubar da kwandon sa'an nan fili yake samuwa. Ko a lokacin ma, ba a kwashe kayan daga rumfa, sarkin kasuwa ne kawai yake soke sunan mai su a rajista, ya rubuta cewa rumfar ta zama ta haya. Kayan suna nan a zube har ranar da sabon ɗan haya ya zo ya zuba nasa a kai. A tsarin FAT ma harafin farko na sunan fayil ɗin ake musanyawa da wata alama ta musamman, shi ya sa tsohon umarnin nan na dawo da fayil a DOS yake tambayar mutum harafin farko.

Wannan ilimi yana da amfani ta fuska biyu. Wanda ya goge abu mai muhimmanci bisa kuskure, ya daina adana komai a faifan nan take, domin kowane sabon fayil yana iya faɗawa kan tsohon. Manhajoji irin su Recuva da PhotoRec sukan iya tono abin da ba a riga an danne ba. Wanda kuma zai sayar da kwamfuta ko ya ba da ita kyauta, ya sani cewa zubar da kwandon shara bai ɓoye sirrinsa ba. Amma a lura, sabon nau'in faifai na lantarki zalla, wanda ake kira SSD, ba ya jinkiri irin wannan: yakan share rumfunan da aka soke da kansa ba da daɗewa ba, don haka dawo da abin da aka goge a cikinsa yana da wuya ƙwarai. Haka kuma abin da aka goge daga filashi, ko aka goge ta hanyar danne maɓallin Shift tare da Delete, ba ya biyawa ta kwandon shara sam.

Dalilin jan ƙafa

Mai karatu yana iya tambaya, in dai faifai wurin ajiya ne kawai, me ya sa cikarsa take hana na'ura sauri? Amsar ita ce babbar manhaja tana amfani da faifan a matsayin filin shanya. Idan ƙwaƙwalwar aiki, watau RAM, ta cika, sai ta kwashi wani ɓangare na abin da ke cikinta ta jingine a wani fayil mai suna pagefile.sys. Kowace manhaja kuma tana buɗe fayilolin wucin gadi a lokacin da take aiki, sabunta Windows ma yana buƙatar gigabayit masu yawa na ɗan lokaci. Idan babu fili, duk waɗannan sai su cije. Shi ya sa ake ba da shawarar a bar kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na faifai a sake.

Matsalar ba ta tsaya a doron ƙasa ba. A watan Janairu na 2004 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta saukar da wata motar bincike mai suna Spirit a duniyar Mars. Ranar 21 ga watan, motar ta daina aiko da saƙo mai ma'ana, kwamfutarta ta shiga kashe kanta tana sake tashi ba ƙaƙƙautawa. Da injiniyoyi suka bincika sai suka tarar fayiloli sun taru a ma'adanarta, har da waɗanda suka rage tun lokacin tafiya daga duniya, kuma rajistarsu ta yi girman da ta cinye ƙwaƙwalwar aiki a duk lokacin da na'urar ta nemi karanta ta. Daga nisan miliyoyin kilomita suka umarce ta ta tashi ba tare da buɗe ma'adanar ba, suka goge tarin fayilolin da ba a buƙata, suka sake tsara ma'adanar. A farkon Fabrairu ta koma bakin aiki, ta kuma ci gaba har 2010, alhali kwana 90 aka ɗibar mata. Abin lura shi ne ba su goge komai ba sai da suka gano ainihin abin da ya cushe ta.

A fara da awo

Matakin farko ke nan ga kowa: a gano wanda ya cinye filin. A Windows 10 da 11, idan aka shiga Settings, aka zaɓi System, sa'an nan Storage, za a ga an kasa kayan faifai gida-gida: manhajoji, fayilolin wucin gadi, hotuna, bidiyo da sauransu, kowanne da nauyinsa. A cikin taga mai nuna fayiloli kuma ana iya jera su bisa girma, manya a sama.

Akwai hanyar da ta fi wannan fito da abu fili, kuma cikar faifai ce ta haife ta. A 1990 wani malami a Jami'ar Maryland ta Amurka, Ben Shneiderman, yana aiki a ɗakin bincike inda mutum 14 suke tarayya a faifai guda mai megabayit 80. Kullum faifan a cike, kuma babu mai iya nuna wanda ya cika shi. Sai ya ƙirƙiro wata taswira wadda take zana faifan a matsayin fili mai kusurwa huɗu, ta yanka wa kowace folda da kowane fayil yanki daidai girmansa, kamar yadda ake raba gona tsakanin magada. Da kallo ɗaya sai babban fayil ya bayyana a matsayin ƙaton fegi. Manhajoji na kyauta irin su WinDirStat da wannan dabara suke aiki har yanzu. Halin da mutanen nan 14 suka shiga shi ne halin kowane ɗakin kwamfuta na makaranta, kuma abin da taswirar takan tona kusan iri ɗaya ne: 'yan fina-finai da wasanni da aka ɓoye a cikin folda mai sunan darasi, da kwafin kayan wayar wani da aka juye aka manta.

Abin da za a zubar ba tare da fargaba ba

Bayan awo sai shara. Kwandon shara ne farko, amma a leƙa cikinsa kafin a zubar, musamman a na'urar da mutane da yawa suke amfani da ita. Daga nan sai manhajar Disk Cleanup, wadda take tare da Windows tun 1998, ko kuwa sashen Temporary files da ke cikin Storage. Su ne suke tattaro fayilolin wucin gadi, da ragowar kayan sabuntawa, da ƙananan hotunan da na'ura take ajiyewa don saurin nuni, su nuna nauyin kowanne, mutum ya zaɓa. A nan akwai tarko guda: a sashen Temporary files ana lissafa foldar Downloads, watau inda duk abin da aka sauko da shi daga intanet yake sauka. Mutane da yawa a nan suke barin takardun shaidarsu da fom ɗin rajistar jarrabawa. Kada a sa mata alama sai an bi ta da hannu. Idan aka bi ta kuwa, yawanci za a tarar da tulin fayilolin girka manhaja waɗanda aikinsu ya ƙare tun ranar da aka girka, da fayil guda da aka sauko da shi sau uku.

Idan an ɗaga Windows daga wani zubi zuwa sabo, takan bar tsohon a wata folda mai suna Windows.old, wadda kan kai gigabayit 10 ko fiye. Amfaninta shi ne a iya komawa baya idan sabon bai yi ba, kuma na'ura takan share ta da kanta bayan kwana 10. Wanda ya ƙagu ya share ta ta hanyar Disk Cleanup, ba da hannu ba. Manhajojin da aka daina amfani da su kuwa, a cire su ta sashen Apps. Goge foldar manhaja kai tsaye yakan bar saiwoyinta a warwatse cikin na'ura, goge alamarta da ke fuskar allo kuwa ba ya rage komai, tamkar cire allon shago ne a bar shagon. A kwamfutar makaranta akwai kuma asusun ɗaliban da suka gama suka tafi, kowanne da nasa tarin kaya. Malamin da ke kula da ɗakin yana iya kwashe abin da ke da amfani a ciki, sa'an nan ya rufe asusun.

Abin da ba a taɓawa

Taswirar faifai takan nuna wasu manyan fayiloli da foldoji masu baƙin suna, kuma girmansu yakan ja hankalin mai neman fili. Foldar Windows da abin da ke cikinta, musamman System32 da WinSxS, su ne ƙashin bayan na'urar. Wanda ya goge su da hannu yana iya wayar gari kwamfutar ta ƙi tashi. An daɗe ana yaudarar sababbin shiga a intanet da cewa goge System32 yana ƙara sauri, alhali ƙarya ce tsagwaronta. Shi ma pagefile.sys da aka ambata a baya a bar wa na'ura ta kula da abinta. Akwai kuma hiberfil.sys, inda kwamfuta take juye abin da ke ƙwaƙwalwarta idan za ta yi dogon barci. Yana cin gigabayit da dama, kuma ana iya kawar da shi ta hanyar kashe wannan tsarin barci, amma wannan shawara ce ta malami, ba ta ɗalibi ba. Ƙa'idar dai ita ce, fayil ɗin da mutum bai san aikinsa ba, ya tambaya tukuna.

Manhajojin da ake tallatawa da alkawarin wanke kwamfuta da latsawa ɗaya ba su cancanci yardar da ake ba su ba. Mafi yawan abin da suke yi, kayan da ke cikin Windows suna yin sa kyauta, wasunsu kuma su ne suke shigo da talla da ƙwayoyin cuta. Haka nan aikin nan na tattara gutsattsarin fayiloli wuri guda, wanda Windows take kira Defragment, ba ya ƙara fili. Jera rumfunan ɗan kasuwa kusa da juna kawai yake yi domin hannun faifai ya rage zirga-zirga, kuma faifan SSD, da yake ba shi da hannu mai motsi, ba ya buƙatarsa.

Matse kaya

Wata hanyar samun fili ita ce matsewa, kuma akwai lissafi mai daɗi a ƙarƙashinta. A rubutun Hausa harafin a ya fi kowane harafi yawa, harafi irin z kuwa jefi-jefi yake fitowa. Maimakon a bai wa kowannensu bit 8, me zai hana a bai wa a gajeriyar lamba, a bar doguwa ga z? Jimlar rubutun za ta ragu ba tare da an yi asarar ko harafi guda ba. David Huffman, yana ɗalibi a cibiyar MIT ta Amurka, shi ya gano hanya mafi dacewa ta raba irin waɗannan lambobi, aka buga aikinsa a 1952. Tsarin ZIP da Phil Katz ya fito da shi a 1989 yana haɗa wannan dabara da wata, ta gano jerin haruffan da suka maimaitu a rubuta su sau ɗaya.

Tsurar rubutu yana matsuwa sosai, sau da yawa ya koma ƙasa da rabi. Amma hotunan JPEG da waƙoƙin MP3 da bidiyo an riga an matse su tun wurin yin su, har an zubar da abin da ido ko kunne ba ya kamawa, saboda haka sake cusa su a ZIP ɓata lokaci ne. Tun da kuwa su ne suke cika fayafayin yanzu, matsewa ba ta da tasirin da take da shi a da. A farkon shekarun 1990, lokacin da faifai yake da tsada, manhajar Stacker da ke matse faifai dungurungum ta yi kasuwa ƙwarai, har kamfanin Microsoft ya sa irinta mai suna DoubleSpace a cikin MS-DOS 6 a 1993. Masu Stacker suka kai ƙara, a 1994 kotu ta yanke a biya su dala miliyan 120. Hatsarin wannan hanya shi ne tana dunƙule kayan faifan a cikin ƙaton fayil guda, wanda in ya sami matsala kowa ya shafa.

Kwashewa zuwa wani wuri

Bayan an zubar da shara, abin da ya rage mai nauyi yawanci dukiya ce: hotunan bikin yaye ɗalibai, bidiyon gwaje-gwajen kimiyya, sakamakon shekarun baya. Waɗannan kwashe su ake yi zuwa faifan waje, ko filashi, ko ma'adanar intanet irin su Google Drive mai ba da gigabayit 15 kyauta da OneDrive mai ba da 5, ga wanda yake da wadatar data da layi mai ƙarfi. Wani lokaci filashi mai gigabayit 32, babu komai a cikinsa, zai ƙi karɓar bidiyo mai gigabayit 5. Ba lalacewa ya yi ba. An tsara shi ne da FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabayit 4. Sake tsara shi da exFAT yana magance wannan, amma sake tsari yana share duk abin da ke ciki.

Tsarin aikin shi ne a kwafa, a buɗe kwafin a tabbatar yana aiki, sa'an nan a goge na asali. Umarnin yankewa da liƙawa a tafi ɗaya ba abin so ba ne a inda wutar lantarki take ɗaukewa ba sallama. Sa'an nan a tuna cewa abin da aka mayar faifan waje aka goge na cikin na'ura, har yanzu kwafi guda ne, wurin zama kawai ya sauya, kuma filashi abu ne mai saurin ɓata da saurin mutuwa. Masana harkar ajiya suna ba da shawarar kwafi 3 na duk abu mai muhimmanci, a kan na'urori iri 2, guda 1 kuma a wani gini dabam.

Kamfanin Pixar mai yin fina-finan zane ya ga amfanin wannan na ƙarshe. A 1998, ana tsakiyar aikin fim ɗin Toy Story 2, aka ba da umarnin gogewa a inda bai dace ba a babbar kwamfutar kamfanin, kafin a tsayar da ita kusan kashi 90 cikin 100 na fayilolin fim ɗin sun tafi. Da aka juya ga kwafin ajiya sai aka tarar ya daɗe da samun matsala ba a sani ba. Abin da ya cece su shi ne wata babbar ma'aikaciya, Galyn Susman, wadda take aiki daga gida saboda jego, tana da kwafi a kwamfutarta. Fim ɗin ya fito a 1999.

Aikin aji

Malami yana iya raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni da kwamfuta guda. Su rubuta girman faifan da filin da ya rage, su lissafa kashi nawa ne cikin 100, su nemo fayiloli 10 mafi girma, su kasa su gida uku: na zubarwa, na kwashewa, da waɗanda ba a san aikinsu ba. Kada a goge komai sai rukunin ya kare hujjarsa a gaban aji. Idan aka maimaita awon kowace Juma'a har zango ya ƙare, aka zana sakamakon a takardar girafi, ɗalibai za su iya hasashen makon da faifan zai sake cika.

Ga kuma lissafi na gida. Faifan fulofi mai inci 3.5, wanda ya yi tashe a shekarun 1990, yana ɗaukar bayit 1,474,560, kaurinsa kuma milimita 3.3 ne. Guda nawa ake buƙata domin kwashe kayan faifai mai terabayit guda, kuma idan aka ɗora su ɗaya kan ɗaya, ina tsayinsu zai kai? Malami zai tarar amsar ta kusa fulofi 678,000, tsayinsu kuwa ya haura kilomita 2.